Zaren da Choei Ya Yanke

Shekara talatin da ɗaya na yi ina awon kifi a tashar jiragen ruwa ta Kubura, kuma cikin duk masu jirgin da suka taɓa ɗora mini kifi a sikeli babu wanda na sani kamar Sakihara Choei, don shi ne mijin yayata Tomi. Katangar dutse ɗaya ce ta raba gidansu da namu. Idan ya yi tari da safe ina ji daga kicin.

Gajere ne mai faɗin kafaɗa, rana ta ƙona shi har ta gaji ta ƙyale shi. Yatsu biyu na hannunsa na dama ba sa miƙewa tun ranar da igiya ta naɗe su yana saurayi. Ba ya son magana. Tomi takan ce da ta san haka yake da rediyo ta aura.

Tun yana ɗan shekara goma sha biyar yake kamun kajiki, ƙaton kifin nan mai dogon baki kamar mashi. Da farko tare da mahaifinsa, daga baya shi kaɗai. A lokacin babu sanda, babu injin naɗe zare. Igiya ce a hannu kawai. Yakan kama ɗan ƙaramin kifin tuna mai rai, ya maƙala masa ƙugiya, ya riƙa jan sa a bayan jirgi cikin baƙin ruwan nan mai gudu da ke wucewa ta gefen tsibirinmu. In kajiki ya haɗiye, to su biyu ne, babu na uku. Da la'asar ya shigo da shi, in auna, a lulluɓe da ƙanƙara, a tura kasuwa. Ya wanke jirgi, ya tafi gida, ya ci shinkafa da garahuni da ƙwai, ya kwanta. Haka ya yi har ya haura arba'in, kuma ban taɓa jin ya yi ƙorafi ba.

Sai kifi ya fara ja baya, mai ya yi tsada, kuma baƙi suka fara sauka daga Tokyo da Osaka da dogayen jakunkuna a kafaɗa. Su ba kifin suke so su ci ba. So suke a kai su inda yake su kama da hannunsu. Masu jirage ɗaya bayan ɗaya suka koma ɗaukar su. Choei ya daɗe yana turjewa, har sai da ɗansu ya shiga makaranta a birnin Naha, sannan wata rana na same shi a durƙushe a bayan jirgi yana ɗaure wata ƙatuwar farar kujera mai juyawa, da wurin ɗora ƙafa da ɗamara.

Na ce, "Yaya, aski za ka koma yi?"

"Ta baƙi ce."

"Su kama kifin, kai kuma ka yi me?"

"In yi kallo," in ji shi, bai ko ɗago ba.

Ba kallo kaɗai ba ne. Shi ne mai nemo kifin, shi ne mai kama ɗan tunan da za a sa wa ƙugiya, shi ne mai tuƙi yana bin kifin gaba da baya don kada zare ya ƙare, shi ne mai sukar sa da mashi in ya iso gefen jirgi. Abu ɗaya ne ba nasa ba, wato sandar. Bayan haka kuma akwai sauran aikin da ba wanda ya gaya masa tun farko. Akwai mai fara amai tun ba a fita daga tasha ba. Akwai mai barci tun safe har yamma sannan ya tashi ya ce an kai shi wurin da babu kifi. Akwai wanda zai ja minti ashirin ya ce bayansa ya ƙage, a taya shi, amma kada a faɗa wa abokansa. Kowane ɗaya, kowace safiya, tambaya ɗaya yake yi: "Kyaftin, yau za mu samu kuwa?" Shi kuma amsa ɗaya: "Mu je mu gani." In an dace, a rataye kifin a gaban sikelina, baƙon ya tsaya kusa da shi ya ɗaga hannu, ya miƙa wa Choei kyamara. Hotunan da mutumin nan ya ɗauka sun fi dubu. A cikin kaɗan ne za ka gan shi, shi ma sai dai gefen hularsa.

Da yamma in ya dawo gida Tomi takan tambaye shi yaya baƙin yau. Ya ce, "Mutane ne." Ya zauna a bakin ƙofa ya miƙe ƙafa har abinci ya huce. Ta ce mini a da gajiyar jiki yake kawowa, ya yi barci ta tafi. Wannan kuwa barci ba ya taɓa ta.

A cikin baƙin nan akwai guda ɗaya da ya zama kamar ɗan gida. Sunansa Kuwabara, likitan haƙori ne daga Osaka, dogo siriri, bakinsa ba ya hutawa. Duk watan Yuli yakan zo gasar kamun kajiki da ake yi kwana uku, kuma jirgin Choei kaɗai yake shiga. Yakan kawo wa Tomi alewar waken garinsu. Shekarar farko, a tsaye a bakin tasha, ya ce Choei ya buɗe baki, ya leƙa, ya girgiza kai.

"Kyaftin, wannan ba baki ba ne, kango ne."

"Yana tauna kifi."

"Wanne daga cikinsu? Ukun nan na gefe?"

Ranar na ga Choei ya yi dariya har kafaɗunsa na rawa. Ina jin abin da ya haɗa su ke nan: ɗaya ya yi ta zuba, ɗaya ya yi ta shiru, kowa ya samu abin da yake so.

Sai dai Likita ba shi da sa'ar kajiki. Kifin tuna kam ya kama har ba a ƙirgawa, wasu sun kai nauyin mutum. Amma kajiki sau shida yana cin ƙugiyarsa cikin shekara goma sha takwas, sau shida yana kuɓucewa. Wani ya yi tsalle ya tofar da ƙugiyar, wani ya tsinka zare, wani kuma kifin shak ne ya riga su cinye shi. Masu jirage suka ce warin maganin asibiti kifin ke ji a hannunsa. Shi da kansa yake taya su dariya, amma duk shekara in na kai shi filin jirgin sama yakan yi shiru a mota, abin da ba halinsa ba.

Shekara ta goma sha tara, rana ta biyu ta gasa, gari ya tashi babu iska ko kaɗan. Teku ya kwanta kamar faranti, zafi kuma tun ƙarfe takwas ya fara dukan mutane. Ina zaune a rumfar awo da oba-oba ta magana da jirage a gabana. Ƙarfe goma da ɗan wani abu na ji muryar Choei.

"Ya ci."

Aka ɗan jima, sai ya ƙara da cewa, "Babba ne."

Duk wanda ya san shi ya san abin da wannan ke nufi. Mutumin da kifi mai kilo ɗari da hamsin yake ce wa "ba laifi". Nan take sauran masu jirage suka cika oba-oba da surutu. Uezu Masanori, wanda ya fi su baki, ya ce, "Baba Choei, ka ce wa Likita ya yi masa allurar kashe zafi tukuna." Wani ya ce a tanadi injin ɗaga kaya na biyu.

Abin da ya faru a cikin jirgin daga bakinsu su biyu na ji shi, kowa daban, kuma maganarsu ta zo ɗaya in ban da wuri guda.

Kifin ya yi tsalle sau biyu a farko, suka gan shi sarai. Choei ya ce ya haura kilo ɗari uku, kuma a duk rayuwarsa irinsa huɗu ya taɓa gani. Daga nan ya nutse ƙasa ya ƙi tasowa. Likita na ɗaure a kujera, ya naɗo zare kamu goma, kifin ya ƙwace ashirin. Sa'a ɗaya, sa'a biyu. Shekarar Likita sittin da shida a lokacin. Choei na riƙe da sitiyari da hannu ɗaya, ɗayan yana kwara masa ruwa a ka da bokiti. Da farko Likita na ta magana, yana zagin kifin, yana yi masa alkawarin zai cire masa baki kyauta. Da aka shiga sa'a ta uku sai ya daina. Choei ya ba shi ruwa ya sha, ya amayar. Ya duba fuskarsa ya ga ta yi fari fat, kuma gumi ya ɗauke masa a cikin wannan rana.

A nan ne suka saɓa. Choei ya ce ya ga Likita ya saki injin naɗi ya dafe ƙirjinsa na hagu, har sau biyu. Likita ya ce ɗamara ce ta matse shi yake gyarawa.

"Likita, ba ni sandar."

"Kada ka taɓa ta. Kana taɓawa an soke ni."

Haka dokar gasa take. In wani ya sa hannu a sandar, kifin bai shiga lissafi ba.

"A soke."

"Shekara goma sha tara, Choei. Ka koma wurin tuƙinka."

Choei ya tsaya a kansa. Ya ce, "Yaya sunan matarka?"

Likita ya dube shi. Ya buɗe baki, ya rufe. Sai da aka ja numfashi uku ko huɗu sannan ya faɗi sunan. Shi ya ce tambayar ce ta ba shi mamaki. Choei ya ce idonsa ba ya tsayawa wuri ɗaya.

A lokacin kifin ya taso, saura kamar kamu talatin. Suna hango shuɗin bayansa a ƙarƙashin ruwa yana kewaya. Choei ya auna abin a ransa. Ko da komai ya tafi daidai, kafin a jawo shi gefe, a soke shi, a ɗaure, sai an ƙara sa'a guda, wataƙila biyu. Daga inda suke zuwa tasha kuma tafiyar sa'a ɗaya da rabi ce, in ba a jan komai. Ya zaro wuƙar da ke ƙugunsa ya yanke zaren.

Sandar ta miƙe. Likita ya koma baya a kujera ya zauna yana kallon guntun zaren da ke lilo. Da ya yi magana, a hankali ya yi ta.

"Wa ya ba ka izini?"

Choei ya mayar da wuƙar ƙugunsa. Ya kwance shi, ya ja shi inuwa, ya jera masa ƙanƙarar kifi a wuya da hammata, ya juya jirgi. Sai na ji shi a oba-oba.

"Setsu, ki kira asibiti. A kawo mota bakin tasha."

"Kifin fa, Yaya?"

"Ki kira asibiti."

Da suka iso mutane sun cika tasha. Aka ɗauki Likita a kan gadon ɗaukar marasa lafiya, idonsa a rufe, ya juya fuska gefe guda. Har an fara maganar kiran jirgi mai saukar ungulu ya kai shi babban asibiti a tsibirin Ishigaki. Amma da likitar tsibiri ta gama duba shi sai ta ce zuciyarsa lafiya lau. Zafin rana ne da rashin ruwa a jiki. Aka yi masa ƙarin ruwa leda biyu, kafin rana ta faɗi yana zaune yana cin tuwon shinkafa da gishiri. Na tambaye ta a gefe, da an ƙara sa'a guda fa? Ta ce ba ta sani ba, kuma duk wanda ya ce ya sani ƙarya yake. Washegari Likita ya hau jirgin safe ya tafi, bai tsaya rana ta uku ba, bai biyo ta gidan Tomi ba.

Da a ce ciwon zuciya ne da an ɗaga Choei sama. Da yake ba shi ba ne, sai tasha ta samu abin wasa. In ya doso inda ake gyaran kayan kamun kifi, wani ya ce, "Ku ɓoye zarenku, ga Baba Choei." Uezu ya kawo masa almakashi a naɗe da takardar kyauta. Ba mugunta ba ce, haka suke da juna, kuma a bayan idonsa da yawansu sun ce su ma abin da za su yi ke nan. Amma a gabansa ba wanda ya faɗa. Ya karɓi almakashin ya ce ya gode, ya kai wa Tomi tana yanka albasa da shi.

Ina gidansu ranar da Tomi ta gaji da shirunsa.

"Da ya mutu a kujerar nan fa? Me za ka gaya wa matarsa?"

"Bai mutu ba."

"To ai shi ke nan."

"Shi ke nan," in ji shi. Ya tashi ya fita duba igiyoyin jirgi, waɗanda ya riga ya duba.

Da Yuli ya zagayo Likita ya dawo, amma jirgin Uezu ya shiga. Ya zo rumfata ya gaishe ni, ya zauna, ya ba ni nasa labarin tun daga farko har ƙarshe ba tare da na tambaya ba. Ya ce ba ya riƙe da kowa a zuci. Ya faɗi haka sau uku. Ya bar mini ƙunshin alewa in kai wa Tomi.

Rana ta uku ya kama kajiki. Kilo ɗari da goma sha biyu, ni na auna. Choei ya riga su shigowa hannu wofi, da wasu samari biyu 'yan Tokyo da jiri ya kwantar tun safe. Yana tsaye yana wanke jirgi aka kawo kifin, kuma da yake shi ya fi kusa, shi ya ɗaura igiyar a wutsiya aka ɗaga. Hannunsa ya riga ya saba, ina jin bai ma yi tunani ba. Mutane suka yi tafi. Likita ya tsaya kusa da kifin, ya waiwaya yana neman wanda zai ba waya, sai idonsa ya faɗa kan Choei. Ya miƙa masa.

"Kyaftin, ɗauke mu."

Choei ya goge hannu a wando ya karɓa. "Matsa hagu. Ka tare masa kai."

Ya matsa. Aka ɗauka. Likita ya karɓi wayar ya duba, ya ce ya yi kyau. Sai ya rage murya.

"Wancan ya ninka wannan sau nawa?"

"Uku."

Likita ya gyaɗa kai yana kallon kifinsa. "Da ka ce biyu," in ji shi.

Iyakar maganarsu ke nan. Bai sake zuwa tsibirin ba. Duk sabuwar shekara katin gaisuwarsa yana isowa, da sunan Tomi a bayan ambulan.

Choei ya ƙara shekara uku yana ɗaukar baƙi. Gwiwoyinsa suka fara ƙin tsayuwar jirgi, har ya zama sai ya zauna a bakin tasha ya zura ƙafa ɗaya sannan ya sauka. Ɗansu yana aikin otal a Naha, da mata da 'ya'ya biyu, kuma tun da wuri ya ce shi ba zai yi teku ba. Choei bai matsa masa ba. Ya sayar da jirgin ga wani mutumin Kyushu da ya tare a tsibirin da iyalinsa, ya yi sati biyu yana fita da shi yana nuna masa wurare, daga nan ya daina zuwa tasha sai in an yi guguwa ana neman hannun jan jirage tudu.

Bara aka ce sai an yi masa aiki a gwiwar dama, a Naha. Tomi ba ta iya hawa jirgin sama, hawan jini gare ta, don haka ni na raka shi. Muna zaune a ɗakin jira na filin jirgi, babu kowa sai mu da wasu sojoji biyu, sai kawai ya fara magana, yana kallon takalminsa.

"Lokacin da na ce Likita ya ba ni sandar nan."

Shekara biyar ke nan bai taɓa tayar da zancen ba.

"Hannuna ƙaiƙayi yake yi tun da na ga kifin. Shekara ashirin ina tsaye a bayan mutane." Ya murza yatsun nan biyu da ba sa miƙewa. "Ban tabbata don shi na faɗa ba."

"Yankewar fa?"

"Wannan don shi ne." Ya sake duban takalminsa. "Ina jin don shi ne."

Aka kira mu. Kujerata ce ta taga, na ce mu yi musanya ya ga teku daga sama, tunda rabonsa da hawa jirgin sama tun bikin ɗansa. Ya girgiza kai, ya zauna ta gefen hanya, ya miƙe ƙafar mai ciwo.

"Na gan shi," in ji shi.

Kafin mu tashi ya yi barci. Aikin ya yi kyau, mun yi kwana goma sha biyu muka dawo. Yanzu yana takawa da sanda zuwa gonar rake ta wani ɗan uwansa, ya zauna a inuwa yana korar dawaki in sun shigo. An ce gwiwar hagun ma sai an yi mata, amma ya ce a bari sai bayan sara.